Kurakuran da muke yi wajen tara canji

A Garwa ta ƙasar Kamaru, miƙa wa mai babur jaka guda, wato sefa 1,000, da sassafe ka ga yadda zai ɓata rai. Mai ƙosai kuwa sai ta aiki yaro shago uku kafin ta haɗo maka canjinka. Tsaba tana wuya a garin nan, amma mu ne kuma muke wulaƙanta wadda ta shigo hannunmu.

Ɓarnar tana farawa tun a bakin shago. An ce babu canji, ka karɓi alewa ko ashana da ba ka nema ba, ka tafi. Dala biyar ce, in ji ka. To, wanda yake ajiye dala ashirin kullum, wato sefa 100, yana da 3,000 a wata, 36,500 a shekara. Idan mai shagon na unguwarku ne, ka ce ya rubuta maka, gobe a cire a cikin sayayya.

Babban kuskuren da ya fi damuna shi ne barin asusu ya daɗe ba a fasa ba. Goggona ta yi shekara biyu tana jefa kuɗi a asusun ƙasa da ta ajiye ƙarƙashin gado. Ranar da aka fasa, ina wurin. Tsabar ta yi kore saboda damshi, takardun ɗari biyar-biyar da ta riƙa naɗewa tana cusawa kuwa gara ta mayar da su kamar rariya. Ta zauna tana juya su a tafin hannu, ba ta ce uffan ba. Takarda ba ta zaman asusun ƙasa. Doguwar ajiya tana da wani haɗarin ma: daga 1 ga Maris 2023 takardun samfurin 1992 suka daina aiki a kasuwa, kuma lokacin da BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ya bayar na musanya su ya wuce. Gyaran shi ne ka sa wa asusu wa'adi. Duk ƙarshen wata ka zazzage, ka ƙirga, ka mayar takarda, ka zuba a adashi ko ka sayi abin da ka tara dominsa.

Kada ka kai wa mai shago tsaba a cakuɗe cikin leda. Ba shi da lokaci, kuma idan lissafi ya saɓa ba ka da ta cewa. Ware su tun a gida: 'yan dala ashirin guda goma jaka guda ce, 'yan dala goma guda ashirin ma haka. Ɗaure kowace jaka daban. Sannan ku daidaita baki kafin a fara ƙirga, don ɗari a bakin mai lissafin dala sefa 500 ce. Masu gidan burodi, masu shayi da kantin magani za su karɓa hannu bibbiyu, musamman da safe.

Duba bayan kowace tsaba. Sefar Nijar da ke biyo fatake ta BCEAO ce, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma, ba ta ci a nan. Tamu ta BEAC tana aiki a ƙasashe shida, har da Chadi, don haka wadda ta haye daga Njamena zuwa Kusiri ta Kamaru lafiyarta ƙalau. Sabuwar tsabar sefa 200 da aka fitar a Afrilun 2025 ma halattacciya ce, kada ka ƙi ta don ba ka saba ganinta ba.

Akwai masu ba da tsabar 900 su karɓi takardar 1,000. Ni dai ba na yi, kuma ba na so ka yi. Malamanmu sun karantar da mu cewa kuɗi iri ɗaya ana musanya su daidai da daidai, hannu da hannu. Haka nan masu zagayawa suna sayen tsaba don a narke a yi zobe da awarwaro, kada ka sayar musu. Suna cikin dalilan da suka sa mai ƙosan nan take rasa canji.

Idan a waya za ka ajiye, Orange Money ko MoMo, ka sani duk cirewa akwai abin da ake yanka. Bari ya taru, ka cire sau ɗaya.