Yadda Za Ka Zama Malamin Jami'a a Fannin Laifi da Hukunci

Lauya yana tambayar me doka ta ce. Mai nazarin laifi da hukunci tambayarsa daban ce: me ya sa yaron gidan nan ya shiga daba, na maƙwabta bai shiga ba, wa ake kamawa, wa ake ƙyalewa, kuma mutumin da aka ɗaure shekara biyar da wane hali ya fito. Idan irin waɗannan tambayoyin ne suke hana ka barci, to ga hanyar kamar yadda nake faɗa wa ɗalibaina.

Digirin farko ba shi da wani sirri. Da yawa daga cikinmu ta soshiyoloji muka shigo, wasu ta lauyanci ko ilimin halayyar ɗan Adam. Yanzu kuwa ana karanta fannin kai tsaye tare da nazarin tsaro a Jami'ar Bayero, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Karatu daga Gida ta Ƙasa (NOUN). Ka yi ƙoƙari ka fita da sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, domin da shi ake ɗaukar mataimakin malami. Kada ka guji darasin ƙididdiga da na dabarun bincike. Ɗalibai suna haddace ra'ayoyin masana su ci jarrabawa, amma ranar da aka ajiye musu rajistar kotu a gaba sai su rasa ta inda za su kama. Bayan bautar ƙasa sai digiri na biyu, sai digirin digirgir, wanda in babu shi tafiyarka a jami'a ba za ta yi nisa ba.

Inda ake rabuwa shi ne wajen zaɓen tambaya. Ka zaɓi guda ɗaya, ƙarama, wadda za ka iya bi da ƙafarka tsawon shekaru. "Matsalar laifuka a Najeriya" ba take ba ne, hira ce ta majalisa. Amma "me yake tsayar da fayil ɗin wanda ake zargi da fashi tsakanin ofishin 'yan sanda da Ma'aikatar Shari'a a Jihar Kano", wannan aiki ne. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Wani yana jiran shawarar lauyoyin gwamnati, wani an ba shi beli bai sami mai tsaya masa ba, wani ɗan sandan da ya yi binciken an yi masa canjin wurin aiki, wani kuwa motar kai shi kotu ce babu mai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa kundin digiri.

Kafin ka shiga fili, ka san tarihin abin da za ka gani, domin tsarin hukunci a Arewa hawa-hawa ne. Dokar finalkod da ta fara aiki a 1960 an samo ta ne daga ta Sudan, wadda ita ma ta samo asali daga ta Indiya, alhali Kudu tana da tata dokar daban. Gidajen yarin En'e, da suke ƙarƙashin sarakuna, sai a 1968 aka haɗe su da na tarayya. Zamfara ta fara aiki da dokokin hukunci na Shari'ar Musulunci a 2000, jihohi suka biyo baya har suka kai 12. A 2015 aka yi dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya, wadda ta ɗora wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata. A 2019 aka sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali, aka kafa sashen hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su yi wa al'umma aiki da sakin fursuna bisa sharaɗi. A 2023 kuma aka gyara tsarin mulki, jihohi suka sami ikon kafa nasu gidajen gyaran halin. Shin majistarorin suna zuwa? Alƙalai nawa ne suke yanke hukuncin aikin al'umma? Ni a ganina nan ne aikin matasan malamai yake. Wanda ya fi son tarihi ya nufi Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, rahotannin En'e suna nan suna jiran mai karantawa.

Samun izinin shiga gidan yari yana cin lokaci, don haka ka fara nema tun kana rubuta babin farko. Za ka karɓi takarda daga shugaban sashenku da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, ka rubuta wa Kwanturola Janar na hukumar gyaran hali a Abuja, in an amince ka kai wa Kwanturolan jiha, shi kuma ya tura ka ga mai riƙe da gidan. Ka bi takardarka da kanka, cikin ladabi.

Ranar da ka shiga, za a karɓi wayarka a ƙofa. Kafin ka wuce, ka ɗaga kai ka dubi allon da ke ofishin ƙofar: adadin da aka gina gidan don ya ɗauka, adadin da suka kwana a ciki, masu jiran shari'a, waɗanda aka yanke wa hukunci, maza da mata. Ka kwafe shi a littafinka duk zuwan da ka yi, in an ba ka dama. Littafi da biro su ne kayan aikinka, rakoda da wuya a bar ka da ita.

Mutum na farko da za a zaunar a gabanka zai ɗauka kai lauya ne ko ɗan ƙungiyar da ke biyan tara. Ka faɗa masa gaskiya tun farko: "Malam, ni ɗalibi ne, ba ni da ikon fitar da kai, kuma in ba ka son magana babu abin da zai same ka." Wasu za su tashi, ka bar su. Kada ka fara da tambayar me ya aikata. Ka tambaye shi garinsu, sana'arsa, yaushe rabonsa da kotu, wa yake kawo masa ziyara. Mai jiran shari'a kuwa kada ma ka nemi ya amsa laifi, domin abin da ka rubuta yana iya zama masa sharri. Ka roƙi gandiroba ya ɗan matsa inda zai gan ku amma ba zai ji ku ba. Sunan kowa ka canza shi tun a littafin, kada ka jira sai ka je gida. Idan ka ci karo da wanda ya shekara da shekaru babu lauya, ka miƙa maganarsa, da yardarsa, ga Hukumar Ba da Agajin Shari'a, amma kada ka yi masa alkawari. Da ka fito, ka nemi inuwa ka cike abin da ka gutsura a rubutu kafin yamma ta yi.

Gandirobobin ma ka saurare su. Suna kwana da cunkoson nan, sun san abin da ba ya cikin fayil, kuma ba kasafai ake tambayarsu ba. Ga 'yan'uwa mata: sashen mata da gidajen yara masu laifi ku ne za ku fi samun gaskiyarsu, kuma rubutu a kansu ya yi ƙaranci ƙwarai.

Alƙaluman 'yan sanda ka riƙe su da hattara. Abin da aka kai ƙara kawai suke nunawa, alhali rigingimu da yawa a zauren mai unguwa, ko ofishin Hisba, ko hannun 'yan sintiri suke ƙarewa. Shi ya sa irin binciken da gidauniyar CLEEN ta riƙa yi, na bi gida-gida ana tambayar mutane ko an taɓa yi musu laifi, yake da daraja.

Matakan aiki sanannu ne: ƙaramin lakcara, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa, galibi da tazarar shekara 3 a tsakani, kuma manyan matakan biyu sai masana daga wasu jami'o'i sun auna rubuce-rubucenka. Ka fitar da maƙaloli daga kundinka tun yana da ɗumi. Ka guji mujallun da suke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda, masu aunawa sun san su. Idan kana jami'ar gwamnati, hukumar TETFund, mai kula da asusun manyan makarantu, tana tallafa wa ƙarin karatu da bincike.

Wannan fanni yana kai mutum kusa da masu mulki, sai ka shirya. Marigayi Femi Odekunle na Jami'ar Ahmadu Bello, farfesa na farko a fannin a Najeriya, ya zama mai ba Janar Diya, mataimakin Janar Abacha, shawara, aka kama shi a 1997 kan zargin juyin mulki, ya ɗanɗana tsarewar da yake koyarwa a aji. Daga baya ya zauna a kwamitin ba shugaban ƙasa shawara kan yaƙi da rashawa har rasuwarsa a 2020. Idan an kira ka kwamiti ka je, amma ka je da abin da ka gani, ko da ba zai yi wa wanda ya gayyace ka daɗi ba.

In ka kammala bincike, ka taƙaita sakamakon a shafi biyu da harshe mai sauƙi, ka kai wa Kwanturola da mai riƙe da gidan hannu da hannu. Ka haɗa da sunan ɗalibinka da zai zo neman izini bayanka.