Yadda za ka shirya fim ɗin asibitin masu taɓin hankali na zamanin da, ya fito kamar gaske

Tun kafin ka kira marubuci ko ka fara yawon neman lokeshan, ka zauna ka tsayar da shekarar da labarinka ya faru, shekara guda tak ba wai "zamanin da" kawai ba, don komai a kanta zai rataya. In ka ce 1965 ne to babu jihar Kano ma balle Jigawa, Kano lardi ce a lokacin, sai 1967 ta zama jiha, Jigawa kuwa sai 1991. Kuɗin motar da dangi za su biya fam ne da sule da sisi, naira sai Janairun 1973, ita kanta motar hannun hagu take bi don sai 1972 aka koma dama. Wanda zai rako mara lafiyan kuma dogari ne ko ɗan dokan En'e, wato ɗan sandan hukumar gargajiya ta lokacin.

Sannan kar ka buɗe fim da asibiti. Mutumin karkara, a ce daga yankin Dawakin Tofa ko Roni, ba ya fara zuwa wajen likita, sai an yi tofi an sha rubutu an yi hayaƙi, an kai shi gidan mai magani, wasu a yi musu girka, in ya fara duka a saka shi a mari ko turu, sai abin ya gagari gida, wataƙila ya cinna wa rumbun wani wuta, sannan magana ta je gun mai unguwa ta wuce dagaci har hakimi. Da yawa a zamanin Turawa ma ba gadon asibiti suke samu ba, gidan yari ake ajiye su, domin dokar masu taɓin hankali ta 1916 da aka sabunta a 1958 tsarewa ta fi damuwa da ita ba warkarwa ba, kuma ita aka yi ta aiki da ita har Janairun 2023 da Buhari ya sa hannu a sabuwa. Wannan doguwar hanya ita ce rabin labarinka. In likitanka mai sabon tunani ne, madubinsa Dakta Lambo ne, likitan taɓin hankali ɗan Najeriya, wanda a 1954 ya fara saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da ɗan uwansa mai jinya.

Inda na fi so ka daɗe shi ne wajen ƴan wasa. Don Allah a bar mana tsumma da gwangwanaye a wuya da rawa a bola, wannan ba asibiti ba ne, kuma cin fuska ne ga mutanen da ƴan uwanmu ne. Maganin da ya canza komai Largactil ne, an fara amfani da shi a Faransa a 1952, to wanda yake shan sa shiru zai yi, barci ya yi masa yawa, jiki ya sandare, yana tafiya yana jan ƙafa hannuwa ba sa lilo, yatsu na karkarwa, wani yawu na zuba bai sani ba. Ka sa ɗan wasanka ya zauna a inuwar darbejiya ya riƙe kwanon koko ya kasa kai shi baki, uwarsa na gefe ta karɓa tana ba shi da ludayi tana cewa sannu ɗan nan, wallahi wannan ya fi ihu goma taɓa zuciya. Jona wa mara lafiya wutar lantarki a kai kuwa an fara shi a Italiya tun 1938, in za ka nuna ka nuna shi a matsayin magani da nas-nas ke riƙe mutum kar ya ji ciwo, kar ka mai da shi horo.

Kayan aiki ba wuya in ka shiga gidajen tsofaffi: shantali, langa, tabarmar kaba, fitilar ƙwai, gadon ƙarfe, sirinjin gilashi da ake dafawa a sake amfani da shi, katon littafin rajista. Kafin a kunna kyamara a zagaya a tsince ledar fiyawata, a kauce wa sola da dogon ƙarfen sabis, mai ɗaukar sauti kuma ya jira Adaidaita ta wuce. Kar wani ya ce "lalurar ƙwaƙwalwa" a bakin tsohuwar ƙauye, iska ce ta taɓa shi ko an yi masa sammu za ta ce.

Ka nemi tsofaffin ma'aikatan jinya da suka yi aiki a asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko na Kazaure suka yi ritaya, ka kai musu goro ka zauna ka saurara, su za su gaya maka ƙarfe nawa ake rabon magani da yadda ake lallashin wanda ya ƙi ci. Amma fa kar ka kuskura ka ɗauki fuskar mara lafiya na gaske ko ka sa labarin wani yadda za a gane shi a garinsu, ka nemi tsohon ginin firamare ko dispensare da aka daina amfani da shi, ka nemi izini, ka shafa farar ƙasa ka jera gadajenka a can.