Darasi na 7: Ƙwayoyin Hanji da Suka Daina Jin Magani

A cikin hanjin kowannenmu akwai ƙwayoyi masu rai da ido ba ya gani. Likitoci na yawan ambaton biyu: E. coli da Klebsiella. Muddin suna zaune a hanji, galibi lafiya lau. Idan suka shiga mafitsara, ko jini, ko wurin da aka yi tiyata, sai ciwo ya tashi.

Wasunsu yanzu sun daina jin magani, kuma da hannunmu a ciki. Ciki ya ɗan murɗa, sai mutum ya leƙa kemis ya sayi kafson kashe ƙwayoyin cuta guda huɗu, ya sha biyu, ya ajiye sauran don gaba. Raunanan ƙwayoyin su mutu, masu taurin kan su samu fili su hayayyafa. Masu kiwon kaji ma suna zuba irin wannan magani a ruwan sha ba tare da ciwo ba. A 2019 kaɗai, cututtukan da suka daina jin magani sun kashe mutum kusan miliyan 1.27 a duniya.

Mutum yakan yi watanni ɗauke da ƙwayar, yana cin kasuwarsa garau. Shi ya sa idan an turo mara lafiya daga Kaltungo ko Bajoga zuwa babban asibiti a Gombe, musamman wanda ya daɗe a kwance, likita na iya neman gwaji. Za a karɓi ɗan bayan gida, ko a shafa tsinke mai auduga a dubura, a kai ɗakin gwaji. Sakamako kan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Akwai kunya, gaskiya ne, amma minti ɗaya ne, kuma kana iya roƙon namiji ya yi maka, mace kuma mace. Idan an samu ƙwayar aka ware maka gado da banɗaki, ba ƙyama ba ce. Ana kare na gadon kusa ne, wanda wataƙila jiya aka yi masa aiki.

Ke mai jinya, hannunki ne hanyar da ƙwayar ke bi. Kin zubar da fo, kin kama buta, kin dawo kin dama kunu. Ruwa zalla bai isa ba. A sa sabulu, a cuɗa har tsakanin yatsu na daƙiƙa 20.

Yawancin zawon yara ruwan gishiri da suga da maganin zinc yake buƙata, ba kafso ba. Idan akwai jini a ciki, a tafi asibiti.

Aikin gida: Rubuta lokuta uku da ya kamata mai jinya ta wanke hannu.