Yadda nake taya 'yan tarminal rubutun neman jami'a

Tun kafin a yi jarrabawar bak, ta gama sakandare, yara ke zuwa zaurena a Maradi da rubutunsu. Kusan kowa da "Tun ina ƙarami nake son zama likita" yake farawa. Wannan layin nake fara gogewa.

Ranar farko ba na barin su taɓa biro. Hira muke yi da Hausa. Na tambayi wata ɗaliba me take yi bayan an tashi daga lakkwal, ta ce: "Ba komai, Malam, lissafin kuɗin man gyaɗan innata kawai nake riƙewa." To ai ga labarin nan! Shekara huɗu tana bin bashi gida-gida, amma ba ta ɗauke shi abin faɗa ba.

Sai ka duba inda za a aika. Jami'o'in Amurka masu amfani da Common App, shafin intanet na neman gurbin karatu, labarin rayuwa suke so, kalma 650 iyaka. A Campus France kuwa, hukumar da ake bi don neman karatu a Faransa, dalilin zaɓen fannin da shirinka na gaba ake nema.

Kada ka rubuta wa yaro. A hirar tantancewa asiri ke tonuwa. Ka sa ya karanta da ƙarfi, inda harshensa ya sarƙe, can za ku gyara.