Kurakuran da baƙinmu ke tafkawa a gidajen sushi na Ginza

Na gaji da sunkuyar da kai a gaban masu girkin sushi, wato lomar shinkafa da yankan kifi a kai, a Tokiyo. Duk baƙon da ya zo daga gida, ɗan kasuwar kayan mota ne ko jami'in da ya zo taro, da zarar aljihu ya yi nauyi sai ya ce a kai shi Ginza, unguwar manyan shaguna da gidajen abinci masu tsada. In an je kuma, abin da na baya ya yi shi zai maimaita.

Ka fara sanin irin wurin. Ɗaki ne ƙarami, kanta ɗaya ta katako, kujeru takwas ko goma. Ko shahararren gidan Sukiyabashi Jiro, inda Firaministan Japan na lokacin, Shinzo Abe, ya kai Obama a 2014, kujerun kantarsa goma ne. Tsarin cin kuma shi ake kira omakase: ba ka zaɓar komai, mai girki ne ke dunƙula maka loma ɗaya bayan ɗaya daga kifin da ya samo a kasuwar Toyosu. Cin dare kan kama daga yen 30,000 zuwa sama ga mutum ɗaya.

Babban laifin shi ne turare. Mu mutane ne masu son ƙamshi, kuma ba abin kunya ba ne, amma a wannan ɗakin turare ɓarna ne. Rabin daɗin sushi a hanci yake: ɗan tsamin shinkafa, ƙamshin ganyen teku da aka gasa, wasabi (wata saiwa mai yaji) da aka goga yanzu. Wani Alhaji da na raka ya sha babbar riga wadda ta kwana a turaren wuta, ya ƙara da na Dubai a wuya da hannuwa. Na roƙe shi a otal ya sauya kaya, ya ce, "Haba ɗana, don kifi zan fita ba ƙamshi?" Muna zama wata mata da ke gefensa ta ɗora hankici a hanci. Mai girkin bai ce uffan ba, ya ciyar da mu, ya raka mu ƙofa har da rusunawa. Tun daga ranar duk sanda na kira neman kujera sai a ce a cike suke. Wurin da na daɗe ina lallaɓawa ya tafi a dare ɗaya. Yanzu ba na jayayya da kowa: da kaina nake shinshina baƙo kafin mu fito, in na ji ƙamshi sai wanka da wasu kayan, ko kuwa mu tafi gidan naman gashi. Hajiyoyi, humra ma tana ciki.

Na biyu latti. Jama'a, wannan ba ɗaurin aure ba ne da za a ce ƙarfe bakwai a zo tara! Gidaje da yawa suna fara ciyar da kowa lokaci guda, an dafa shinkafa daidai da sa'ar, an sayi kifi daidai da yawan kujeru. Wanda ya soke zuwa a ranar, galibi cikakken kuɗin za a cire masa. Katina aka taɓa zara saboda baƙi biyu da suka tsaya cinikin inji a bayan gari, ko loma ban ci ba. Ni dai minti goma kafin lokaci ina bakin ƙofa, kuma ba na kama wa kowa kujera sai kuɗinsa ya shigo hannuna.

Sai masu hoto. Ana ajiye maka loma, ɗauka ka ci nan take. Shinkafar tana da ɗumi kamar na jikin mutum, an dunƙula ta sako-sako don ta watse a baki. In ta zauna kana neman haske a waya, ta huce, kifin ya bushe. Ka nemi izini kafin hoto, kuma kada ka ɗora waya ko agogo a kan kantar, katakon hinoki ne mai laushi, yana saurin karcewa.

Da hannu ake ci in an so, don haka daina kokawa da tsinkayen cin abincinsu. Goge yatsu da jiƙaƙƙen tawul ɗin da aka ba ka, ka kai lomar baki gaba ɗayanta, kada ka gutsura. In ka nace sai tsinkaye, kada ka soke su a tsaye cikin shinkafa, kada kuma ka miƙa wa wani abinci daga tsinke zuwa tsinke, al'adun jana'iza ne a wurinsu.

Kada ka nemi ƙarin miyar waken soya ko yaji. Mai girki ya riga ya shafa abin da ake buƙata da ɗan buroshi. A nan ne Musulmi zai buɗe ido: wannan abin shafawar, nikiri, miyar soya ce da ake haɗawa da giyar shinkafa iri biyu, sake da mirin, dukansu masu barasa, a tafasa. Haka romon zaƙin da ake shafa wa kifin anago. Ni tun wurin kama kujera nake sa ma'aikatan otal su faɗa musu a ba ni gishiri ko miyar soyar da ba ta da barasa. Wasu gidajen su yarda, wasu su ce ba za su iya ba, sai in nemi wani. Abin da ba na yi shi ne tayar da maganar bayan an zauna.

Cittar da ke gefe ta wanke baki ce tsakanin loma da loma, ba a ɗora ta kan kifi. Ba a ba da tukwici a Japan, in ka bar canji za su biyo ka da shi har titi. Ka rage murya, kuma in an kawo ƙwai mai zaƙi da shayi, cin ya zo ƙarshe, ka biya ka tashi, wasu na jiran kujerar.