Yadda za ka bi sawun aikin mazaɓa a unguwarku

Da farko ka san waye ɗan majalisarka na tarayya, sunansa da mazaɓarsa, don wallahi da yawa sun dangwala ma jam'iyya ne kawai ba su san mutumin ba.

Sai ka nemo aikin da aka sa ma yankinku a kasafin kuɗi. Shiga shafin Tracka na BudgIT, ƙungiyar da ke bibiyar kasafin kuɗi, ko na ofishin kasafin kuɗi na tarayya, ka rubuta sunan aikin, nawa aka ware, da hukumar da aka ba, wannan na ƙarshen fa kar ka tsallake shi don ba honarabul ke riƙe da kwangilar a takarda ba, hukuma ce, wani lokacin ma za ka ga borehol ɗin ƙauyenku an maƙala shi a wata kwaleji da ke wata jihar daban.

Je wurin da ƙafarka. Ɗau hoto, har da allon kwangila in akwai, murɗa famfon ka gani ko ruwa na zuwa.

In ba komai a wurin, rubuta ma hukumar wasiƙa ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, kwana 7 doka ta ba su su amsa. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe.

Sun yi shiru? Kai ƙorafi ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, da hotunan. Kuma ku je da 'yan jam'iyyar honarabul ɗin a cikinku, kar a ce 'yan adawa ne suka turo ku.