Kurakuran da ake yi wajen sayen ƙaramar amfilifaya a gidan haya

Duk wanda ya zo mini da maganar sayen amfilifaya, tambayarsa ta farko ita ce wat nawa gare ta. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa zan zube abin da na sani a nan. Da mai zama a ciki da falo nake magana, irin gidajen hayar Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa a Katsina, wanda ya daure ya sayi sipikoki biyu masu kyau, yanzu yana neman ƙaramin abin da zai ja su.

To, yawan wat ba shi ne ƙara ba. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 (dB, ma'aunin ƙara) kacal ka samu, da ƙyar kunne zai ce an taɓa wani abu. Kafin ka ji sauti ya ninka, sai ka ninka wat wajen sau goma. Sipikar da aka rubuta wa 87 dB, da wat 1 tak take ba da wannan ƙarar a tazarar mita 1, kuma hakan ya isa maƙwabci ya buga maka bango. NAD 3020 da ta fito a 1978, wadda masu harkar ke yabo har gobe, wat 20 gare ta a kowane ɓangare, hagu da dama. In ka ga kwali an rubuta wat 3000 da PMPO a gefe, wato lambar talla da ake kumburawa, ajiye musu kayansu. Lambar da za ka nema ita ce RMS, wato wat ɗin da take iya bayarwa a ɗore, a kan ohm 8 (ohm shi ne ma'aunin turjiyar sipika ga wuta), kowane ɓangare. Wat 30 zuwa 60 na gaskiya sun ishi falonka har da saura.

Abin da ke kashe amfilifaya a Katsina wuta ce, kuma a nan na yi asarar da har yanzu in na tuna raina ke ɓaci. Na taɓa sayen wata ta hannu a Kano, tsaf da ita, ba ko ƙwarzane. Mai shagon ya ce, "Yallaɓai, wannan ba a taɓa buɗe cikinta ba." Gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba, daga Amurka ta fito, an dai yanke kan filoginta an sa mata irin namu mai ƙafa uku. A shagon da taransifoma mai sauke wuta a ƙarƙashin tebur, ni ban lura ba. Ina zuwa gida na jona ta a bango, fitilarta ta kawo, sai ƙas, sai wani siririn hayaƙi mai warin roba ta ramukan sama. Mai gyara ya sake naɗa mata taransifoma, ta tashi, amma da wani gurnani a ƙasan sauti da bai taɓa barinta ba. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Japan 100, tamu 230. Don Allah ku riƙa juya abu ku karanta bayansa! Ba a biyan kuɗin karatu. Ka ga 220-240V ko 100-240V, ka saya. Ka ga 120V kaɗai, ka bar ta ko da kyauta ce. Za a ce maka ai sai ka haɗa da mai sauke wuta. Eh, tana yi, har zuwa ranar da wani zai share ɗakin, ya cire, ya mayar da filogin kai tsaye a bango.

Ko wadda ta dace da wutarmu ba na jona ta tsirara. Sitabilaiza mai jinkiri nake sa mata, wadda ke dakatawa kaɗan bayan an dawo da wuta kafin ta saki, kuma da an ɗauke nake kashe soket. Ƙaramin janareta kuwa ban yarda ya kusance ta ba. Masu sola su duba inbatarsu: in ba mai ba da tsabtatacciyar wuta ba ce, wadda ake rubuta wa pure sine wave, za ku sha zuzu a sipika ku yi ta zagin amfilifayar da ba ta da laifi.

Sai zafi. Amfilifaya iri-iri ce gwargwadon ƙirar cikinta: Class A, AB da D. Wani zai karanta cewa Class A ko mai kwalaben gilashi (valve) ta fi daɗin sauti, ya kwaso ta ya kawo ɗakin da taga ɗaya gare shi. Malam, wanda ya rubuta wannan a Ingila yake zaune. Class A tana mayar da mafi yawan wutar da ta sha zafi, ko kiɗa na tashi ko ba ya tashi. A watan Afrilu, ana sama da digiri 40, kamar ka shigo da kaskon gawayi ne ka ajiye gefen gado. Class D tana amfani da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutarta, shi ya sa take ƙarama, ba ta zafi, ba ta cinye batir. Masu cewa sautinta a bushe yake, labarin da suke bayarwa ya tsufa. Irin waɗanda kamfanonin Hypex da Purifi ke ƙerawa yanzu suna cikin amfilifayoyi masu tsadar gaske. Ni NAD D 3020 ko WiiM Amp mai wat 60 nake nuna wa mutane. Mai son Class AB dole, Rega io mai wat 30 ba ta cin wuri. Kowacce ka ɗauka, kada ka kulle ta a cikin kabad, kada kuma a shimfiɗa mata kyallen ado tana aiki. Da hunturu nakan rufe tawa saboda ƙura, amma sai ta huce.

Duba ohm ɗin sipikarka kafin ka fita kasuwa. Sipikar KEF LS50 ohm 8 aka rubuta mata, amma a wasu sautukan tana sauka ƙasa da 4, ga ta 85 dB, ba ta jin magana da sauƙi. Ka haɗa irinta da rarraunar amfilifaya ka murɗe ƙara, sautin zai fara tsagewa, tuwita, wato ƙaramar sipikar da ke fitar da siririn sauti, ce za ta fara ƙonewa.

Sauran ƙanana ne. Kada ka kashe kuɗin sipika a kan waya, jan ƙarfe mai ɗan kauri ya wadatar. Ja ga ja, baƙi ga baƙi. In ka juya ɗaya, bas, wato sautin ƙasa mai kauri, ya gudu. Matsar da sipika daga lungu ko da taki ɗaya ne. In talabijin za ka haɗa, tabbatar akwai ramin HDMI ARC ko optical, wato ramukan da ke karɓar sautin talabijin ta waya, kada ka dogara da Bluetooth kaɗai.

Ranar saye ka tafi da abin da kunnenka ya saba da shi, kalangu ne, gurmi ne, ko muryar mai karatu. Mai shago zai ƙure ƙara don ya burge ka. Ka ce ya sauke ta zuwa yadda za ka saurara bayan isha'i, yara sun yi barci, a nan za ka ji ko ɓangare ɗaya na rigan ɗaya mutuwa.